Gadon Jirgin Silvanus

Wata biyu da binne Kevin, takalmansa na nan a bakin ƙofa inda ya tuɓe su, gizo-gizo har ya yi saƙa a cikin na hagu. Ba wanda ya iya ɗauke su. A gefen takalman nan ne dangi suka shimfiɗa tabarma, suka zauna za su raba 'ya'yansa.

Ɗaki biyu Kevin yake haya a Aduwan, nan cikin Kafanchan. Bayan jana'iza matarsa Rachael ta saki ɗaya, ta tattara 'yan matanta huɗu da gadonta da keken ɗinkinta ta cusa a ɗayan. Baba Wilfred, yayan mahaifin marigayi, wanda ya taso tun daga Fadan Kaje a kan okada, ya leƙa ɗakin sau ɗaya ya dawo ya zauna.

"Ko kaji ba a tara su haka," in ji shi. "Manyan biyu su bi ni gida. Ta ukun ta bi Hellen zuwa Kagoma. Ƙaramar ta zauna da uwarta."

Anti Hellen, ƙanwarsa, ta gyaɗa kai. Rachael ta miƙa hannuwa za ta jawo yaran jikinta, biyu suka shiga, biyu hannun bai kai gare su ba.

Nan Silvanus ya yi gyaran murya.

Silvanus yayan Kevin ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ko da yake in ba a faɗa maka ba ba za ka yarda ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana sharar taragu a tashar jirgin ƙasa, amma a bakinsa injiniya ne. Har yau bai rabu da tsohuwar hular aiki ba, kuma kullum akwai biro uku a aljihun rigarsa, babu mai rubutu ko ɗaya. Ranar jana'izar ƙanensa ma, ana tsaka da sauke akwati, shi yana gefe yana gaya wa masu haƙa cewa kabarin ya karkace.

"Baba," ya ce, "matsalarku ku mutanen ƙauye, a kwance kuke auna ɗaki. Mu a jirgi a tsaye muke auna shi. Na kwantar da mutum shida a wurin da bai kai rabin wannan ba, har da wani Bature, kuma da safe ya ba ni hannu."

"Ina ruwan Bature da 'ya'yan Kevin?" in ji Anti Hellen.

"Gado mai bene, Anti. A ba ni sati biyu. In kun dawo ba ku ga kowace yarinya da gadonta ba, ga fili a tsakiya da za a iya taka rawa, ku kwashe su."

Baba Wilfred ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya dubi Rachael, ya ga yadda take riƙe da yaran.

"Asabar ta sama," ya ce. "In ba wurin kwana, da su za mu tafi."

Washegari Silvanus ya ɗauki lemarsa ya nufi rumfar Marcel mai walda, can bayan kasuwa. Marcel Inyamuri ne haifaffen Kafanchan, mahaifinsa ya yi aikin jirgi na gaske, don haka ya san ko wane ne Silvanus tun yana yaro. Ya kashe injin, ya goge hannu, ya buɗe hotuna a wayarsa.

"Oga Silva, ga na katako, hawa biyu. Kafinta na kusa da ni zai yi."

"Katako? Gidan kuɗin cizo. Wuce."

"Ga na ƙarfe, hawa biyu."

"Makarantar kwana na ce maka zan buɗe? Wuce."

"Ga wanda ya lanƙwasa a kusurwa, ɗaya nan, ɗaya nan."

"Wannan ai gado ne da ya rasa inda zai nufa. Wuce."

"To ga wanda ni zan zaɓa," in ji Marcel. "Hawa biyu ne, amma akwai na uku a ƙasa mai taya. Da dare a jawo shi, da safe a tura shi ciki. Yara uku sun samu, ƙaramin ya kwana da mamanshi. Shi ke nan, wahala ya ƙare."

Silvanus ya cire hula ya kalli sama kamar mai neman shaida.

"'Ya'yan ƙanena za ka zuba a durowa kamar cokula? Marcel, ubanka ya yi aiki a ƙarƙashina, bai koya maka komai ba?"

"Babana direba ne, Oga."

"A ƙarƙashin tsarina. Saurara. Hawa huɗu nake so. Kowace yarinya da benenta, babba a sama, ƙarama a ƙasa, bisa shekaru."

Kafintan da ke kusa ya ajiye zarto ya matso.

"Hawa huɗu," in ji Marcel. "Ka auna tsayin ɗakin?"

"Lema huɗu da rabi."

"Wane lema?"

"Lema ai lema ce. Ungo."

Ya miƙa masa tasa lemar, doguwa mai kan ƙugiya irin ta dattawan coci. Bai ga dalilin da zai ce da lemar Rachael ya auna ɗakin ba, 'yar guntuwar nan da ake naɗewa a sa a jaka. Marcel ya ce bari ya je da tef ya duba da kansa. Silvanus ya ce shi injiniya ba a bin bayan awonsa. Marcel ya ce to a yi shi da noti, a kai shi gunduwa-gunduwa a haɗa a ciki. Silvanus ya ce noti na masu tsoro ne, a liƙe shi da wuta gaba ɗaya.

"Da bakinka ka faɗa," in ji Marcel. "Kafinta, kai ne shaida."

Ranar Laraba ta biyu gado ya fito. A kan kura aka ɗora shi a kwance, ƙarti uku na turawa, Silvanus na gaba yana ɗaga wa masu okada hannu su kauce. Tun daga kasuwa mutane ke tambaya. Wani ya ce ƙafar tankin ruwa ce. Wata ta ce a'a, abin da masu fenti ke hawa ne. Matan zumunta da suka fito daga koyon waƙa suka tsaya a bakin coci da gangunansu na tukunya suna kallo, ɗaya ta tambaya ko sabuwar hasumiyar ƙararrawa ce aka kawo.

"Gado ne!" in ji Silvanus. "Jahilci dai bai yi ba."

A tsakar gida Madam Ugomma ce ta tarye su. Ita ce mai ɗakin da ke manne da na Rachael, bango ɗaya ya raba su, manja da ogbono, ƙwayar miyar Inyamurai, take sayarwa a kasuwa, kuma bakinta ya fi wuƙar yankan kubewa kaifi.

"Oga Injiniya, sannu da aiki. Wanda zai kwana a sama, da jirgin sama zai hau?"

"Madam, koma kan manjanki."

Gado ya ƙi shiga ƙofa. Aka juya shi ta kai, ya ƙi. Aka juya ta ƙafa, ya ƙi. Silvanus ya ce laifin ƙofar ne, ba a yi ta bisa ƙa'ida ba, ya sa aka cire ƙyauren. Ya ƙi. Ya sa aka ɓalle katakon ƙofar gaba ɗaya, da bulo biyu na gefe. Sai ga shi ya shige a kwance, ya ture keken ɗinki, ya murƙushe bokitin wanka.

"Yanzu a ɗaga!" in ji Silvanus. "Ɗaya, biyu!"

Ba a kai uku ba. Kan gadon ya huda silin ya shige, ya daki kwano, ƙarar ta kori kajin gidan har waje. Ƙura ta shekara ashirin ta zubo, da kashin ɓera, da ɓeran kansa, wanda ya sauka a kafaɗar ɗaya daga cikin ƙartin. Mutumin ya saki ƙarfe ya yi waje, sauran suka bi shi. Gado ya tsaya a karkace, ƙafa biyu a ƙasa, biyu a iska, kai a cikin silin, kamar raƙumin da ya leƙa rumbu ya maƙale.

Madam Ugomma ta leƙo ta inda ƙofa take a da.

"Hawa huɗu ya cika," ta ce. "Na biyar ɗin na ɓera ne."

Rachael na tsaye a tsakar gida da ƙaramar a bayanta. Tun rasuwar mijinta muryarta ta koma ciki, sai ka matso kake jin ta.

"Yaya," ta ce, "saura kwana uku. Marcel ya ce har yanzu zai iya yin mai tayan nan kafin Asabar."

Da Silvanus mutum ne mai jin magana, da labarin ya ƙare a nan. Amma ga mutane cike da tsakar gida, ga matan zumunta sun biyo baya suna leƙe ta katanga. Ya karkaɗe hularsa ya mayar.

"Maman Rosemary, kwantar da hankalinki. Wannan gwaji ne. A jirgi ma sai an yi gwaji. Yanzu na gano ciwon: ƙafafu. Gadon jirgi ba shi da ƙafa. A bango ake rataye shi da sarƙa, da rana a naɗe shi ya kwanta jikin bango, ko kyankyaso ba zai san akwai gado ba."

Ranar Alhamis aka jawo gadon waje da ƙyar, ya fito da rabin silin. Marcel ya zo da injinsa ya yanka shi gida huɗu, ya liƙa wa kowane sarƙa biyu. Silvanus ya nuna masa dogon bangon da ke tsakaninsu da Madam Ugomma: biyu a sama, biyu a ƙasa. Marcel ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya kara kunne, ya sake ƙwanƙwasawa.

"Oga, wannan laka ne."

"Siminti ne. Ba ka ga shuɗin fenti ba?"

"Siminti a fuska, laka a ciki. Ga damina, ya sha ruwa. Bangon jirgi ƙarfe ne, Oga Silva. Wannan ko agogo ka rataya sai ka yi addu'a."

"Ka taɓa shiga jirgi?"

"A cikinsa aka kusa haife ni."

"To ba ka lura ba, kana jariri."

Marcel ya naɗe wayar injinsa. Ya dubi Rachael ya ce, "Madam, hannuna babu a ciki. Kar ka bar yara su hau." Ya tafi.

Silvanus ya samo rodi takwas da babbar guduma. Duka uku, rodin farko ya shige kamar cikin tuwo, abin da shi ya ɗauka alamar ƙarfinsa ce. Duka na huɗu sai aka ji ƙarar faranti a ɗaya gefen, sai kuma ihu.

"Chineke! Wa ke soke ni a ɗakina?"

Madam Ugomma ta fito da kalandar coci a hannu, rodi ya huda ta daidai kan watan Yuli.

"Oga Injiniya, ƙarfenka ya shigo gidana ba sallama!"

"Haka tsarin yake. Zan zo in lanƙwasa kan ta gefenki ya riƙe."

"Ka lanƙwasa kanka! Mai gida zai ji wannan."

Ya dai shiga ya lanƙwasa, duk takwas. Da ta ga ƙugiyoyi takwas sun tsiro mata a bango kyauta, Madam Ugomma ta ce ba za ta yi asara biyu ba. Ta rataya jarkar manja a biyu na sama, tukwane a sauran.

Asabar ta zo da rana mai kyau, irin wadda ke fitowa bayan ruwan safe, ganyen mangwaro na ɗiga. Baba Wilfred ya iso da Anti Hellen, ita har da buhun bagko biyu da ta zo da su don zuba kayan yara. Rosemary, babbar, ta ga buhunan ta koma bayan uwarta. Unguwa kuwa ba wanda ya gayyace ta, ita ta kawo kanta. Har Marcel ya rufe rumfa ya zo ya tsaya daga nesa, kusa da ƙofar fita.

Gaskiya, da aka ɗaga zanen da ke tare ƙofa, ɗakin ya ba da mamaki. Gadaje huɗu a naɗe jikin bango, fili a tsakiya. Baba Wilfred ya ce, "Hmm." Wannan "hmm" ɗin ya hau kan Silvanus fiye da burkutu.

Ya saki sarƙoƙi, gadaje suka sauko ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan garin ƙasa ya zubo daga jikin rodi, ya sa ƙafa ya take.

"Rosemary, zo ki hau na sama."

"Ba za ta hau ba," in ji Rachael.

Kowa ya juyo. An kwana biyu ba a ji muryarta ta kai haka ba.

"Na binne ubansu. Ba zan binne ko ɗaya a cikinsu ba. Yaya, kai ka hau."

"Ni? Ni da na kwana a irinsa daga nan har Fatakwal?" Ya taka kujera ya haye na sama, ya miƙe, ya harɗe ƙafa, ya ɗora hula a ciki. "Anti Hellen, zauna a na ƙasa ki ji daɗin ilimi."

Anti Hellen mace ce da Ubangiji ya yi wa albarkar jiki. Ta zauna a hankali, da gefe ɗaya, hannunta na riƙe da gwiwa. Sarƙa ta yi ƙara. Bango ya yi shiru.

"Kun gani?" in ji Silvanus daga sama. "Wannan a tsaye ke nan. A jirgi ana gudu ne, ana girgiza, haka, haka." Ya fara rausaya jiki yana kwaikwayon tafiyar jirgi, har da bakinsa. "Cuku-cuku, cuku-cuku. Kagoro ke nan! Cuku-cuku..."

"Anti, tashi," in ji Marcel daga waje.

Anti Hellen ba ta taɓa tashi da sauri irin na ranar ba. Tana kaiwa ƙofa bango ya yi wani nishi, kamar tsohon da aka tasa daga barci, fenti ya tsage daga sama har ƙasa, sai rugum! Gadaje huɗu, rodi takwas, rabin bango, tukwanen Madam Ugomma da jarkarta, duk suka taho ɗakin Rachael a tare.

Da ƙura ta lafa, sai ga Silvanus a zaune cikin laka, murfin tukunya a cinya, ja ya wanke masa kai da fuska har ƙirji.

"Yesu!" Anti Hellen ta ɗora hannu a ka. "Jini! Kansa ya fashe!"

Silvanus ya shafa goshi, ya ga hannunsa, ya kwanta a hankali ya fara kiran sunan mahaifiyarsa.

Madam Ugomma ta leƙo ta ramin, daga cikin ɗakinta, da ludayi a hannu.

"Ba jini ba ne, manjana ne! Na Nsukka, mai kyau! Tashi ka daina mutuwa a cikin kayana!"

Dariyar da aka yi a tsakar gidan nan, har masu okada a titi suka tsaya. Baba Wilfred kaɗai bai yi ba. Ya dubi silin, ya dubi inda ƙofa take a da, ya dubi ɗakin Madam Ugomma da ake hangowa har gadonta.

"Da ɗaki ya yi kaɗan," ya ce. "Yanzu babu ɗakin ma. Hellen, buɗe buhu."

Dariya ta ɗauke. Anti Hellen ta warware buhu ɗaya, ƙarar ledarsa ita kaɗai ake ji. Ta ukun, wadda za a kai Kagoma, ta cusa fuska a zanen uwarta.

Silvanus bai lura da ko ɗaya ba. Shi abin da ya dame shi, an yi masa dariya.

"Ba laifin tsari ba ne!" ya ce yana tsane manja daga gira. "Laifin gini ne! Wa ya ce Kevin ya kama haya a gidan laka? Ku zo gidana ku ga bango. Bulo na siminti, inci tara. Ɗaki uku da falo, kowanne ka rataya saniya a bangonsa ba zai motsa ba!"

Baba Wilfred ya juyo a hankali.

"Ɗaki nawa?"

"Uku da falo."

"Gidan da ƙanena ya gina? Ubanku kai da Kevin?"

"Eh... wato..."

"Wanda ka ce mana iska ta yaye rufinsa, ɗaki ɗaya ya rage, shi ma yana yoyo?"

"Na gyara, Baba. Kwanan nan. Da hannuna."

"Tun bara ya gyara," in ji Madam Ugomma ta rami. "Ni na sayar wa masu aikin abinci."

"Kai da wa kuke kwana a ciki?"

Silvanus ya dubi jama'a ko zai ga mai ceto. Ya ga Marcel, Marcel ya kalli sama.

"Ni da... kayan aikina."

Baba Wilfred ya miƙa hannu, tafin a buɗe. Silvanus ya yi kamar bai gane ba, ya gyara hula, ya taɓa birukansa. Hannun bai sauka ba. Daga ƙarshe ya laluba aljihun wando ya zaro makullai, suna ɗigar manja. Dattijon ya goge su da gefen rigarsa ya sa a hannun Rachael, ya naɗe mata yatsu a kai.

"'Yata, rabon mijinki ne. Hellen, zuba kayan duka, na su biyar. Marcel, ka kai musu keken ɗinkin."

Rachael ta tsaya tana kallon makullan. Sannan ta durƙusa, yaran huɗu suka rufe ta.

"Baba," in ji Silvanus, "ni kuma fa? A ina zan kwana?"

"A nan. Har ka mayar wa matar nan bangonta, ka mayar wa mai gida ƙofarsa da silinsa."

"A kan me zan kwanta?"

"Kana da gado huɗu. Zaɓi ɗaya."

Silvanus ya miƙe, laka na zuba daga wandonsa. Ya dubi mutanen da suka rage a tsakar gida, ya ɗaga haɓa.

"Dama shawarar da nake shirin kawowa ke nan," ya ce. "Kuma ku sani, ni ko a jirgi, na sama nake kwana."

Madam Ugomma ta zuro kai ta ramin, ta ƙare wa tarkacen kallo.

"Sai haƙuri, Oga Injiniya," ta ce. "Duk sun zama na ƙasa."